Kujerar Labaran Ƙarfe Takwas

Ku da kuke ganina a talabijin da rana ina karanta muku taƙaitattun labarai, gyale a yafe, murmushi a shirye, na san a ranku kuna cewa wannan yarinya ta gama samun duniya. Ni ma da haka nake faɗa wa kaina. Yau dai ku gyara zama in ba ku labarin da kyamara ba ta ɗauka.

A gidanmu ba mai kirana da sunana. Mai Labarai ake ce mini, kuma Abba ne ya laƙa mini tun ina 'yar firamare. Kafin nan na so zama abubuwa iri-iri. Na fara da direban tankar ruwa, saboda yadda duk layinmu ke fitowa a guje da bokitai in ya danna hon. Daga baya na koma mai sayar da askirim, don a zatona shi ke shanye abin da ya rage. Sai ranar da aka sayo mana firji. Abba ya ɗauki kwalin firjin, ya yanke masa taga da reza, ya zana maɓallai da biro, ya girke shi a tsakiyar falo ya ce in shiga.

Na shiga na ɗaura ɗankwalin Umma, na fara: "Ga kanun labaran. Yaya ta fasa kofi ta ɓoye a bayan tukunya."

Yaya ta biyo ni da takalmi, Umma tana dariya har da hawaye. Abba kuwa bai yi dariya ba. Hedimasta ne shi, mutum mai baki, wanda in ya tsaya gaban ɗalibai ko lasifika ba ya nema. Ya durƙusa gaban kwalin ya ce, "Ki buɗe bakinki. Kada ki riƙa haɗiye ƙarshen kalma. Wata rana ke za ki karanta na ƙarfe takwas."

Daga ranar ban sake son zama komai ba. Na yi karatun, na sha wahalar neman aikin, na samu a wani gidan talabijin. Na fara da ɗaukar wa manya takardu, na kai ga labaran rana. Amma kujerar ƙarfe takwas, wadda duk gida ke zama a kalla bayan an ci abinci, ita ce a idona. Har shafa ta nake yi in na wuce ta sutudiyo ba kowa.

Bara ne, wata safiya, Abba yana riƙe da kofin shayi sai kofin ya suɓuce. Muka ɗauka wasa ne har muka ga bakinsa ya karkace. Bugun jini, in ji likita. Ya farfaɗo, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa: "To." Yunwa, to. Ciwo, to. In tsoffin ɗalibansa sun zo dubiya sun cika falo da gaisuwa, sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana rawa, ya ce, "To." Na sha shiga banɗaki in kunna famfo don kada a ji kukana.

Da yake aikina sai da rana, ni ke kai shi asibiti da safe wajen mai koya wa marasa lafiya magana. Ɗakinta yana can ƙarshen baranda, ƙarami, fanka ɗaya mai ƙara, madubi a jingine kan tebur, da katuna masu hoton kofi da kaza da ƙofa. Kowa Anti Sannu yake ce mata, don ba ta rufe baki ba tare da ta ce "sannu, sannu" ba. Ita kaɗai ce mai wannan aikin a duk asibitin. A bencin ƙofarta za ka ga makaniken da mota ta faɗo wa, da tsohuwar da ke kiran 'yarta da sunan cokali, da malamar makarantar da aka yi wa aiki a maƙogwaro. Wasu tun asuba suke zuwa, a sallame su ba a kai kansu ba.

Ina zama a gefe ina kallon yadda take yi, in mun koma gida in maimaita masa. In sa madubi a gabanmu, in ɗora yatsunsa a maƙogwarona ya ji yadda sauti ke fitowa, sannan in mayar a nasa. Watanni muna abu ɗaya. Ran nan na riƙe kofi a gabansa kamar kullum, ya daɗe yana kallo, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai na ji, "Ru... wa."

Masu karatu, na karanta labarai sun fi a ƙirga. Na karanta na gobara, na karanta na naɗin manya. Babu wanda ya taɓa ratsa ni kamar wannan kalmar. Da rana na zauna gaban kyamara, fitilu a fuskata, rubutu yana hawa a allo, bakina yana ta aiki, amma zuciyata tana can bencin nan, tana tunanin ko makanike ya iya cewa "m" yau.

Anti Sannu ce ta fara gane ni. Wata rana tana tattara katunanta ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutane suna zaton baki ake buƙata a aikin nan. Kunne ne, da iya jira. Ke kina da su." Ta ce akwai horon shekara biyu da ake yi, kuma ba a cika samun masu nema ba. Na nema a ɓoye, ina ce wa kaina gwaji ne kawai. Suka ɗauke ni. A satin da amsar ta zo, a satin Manajanmu ya kira ni ofis ya ce mai karanta na ƙarfe takwas za ta yi ritaya, kuma ni suka zaɓa. Ya ce in ba shi amsa ranar Litinin.

Abin da na yi shekara ashirin ina roƙo ya zo, ya same ni ina son wani abu daban.

Ranar Asabar na sami Umma a ɗakinta tana ninke kayan wanki a kan gado. Yaya ta zo wuni, tana kishingiɗe a kan kafet da waya a hannu, tana tura wa masu saye hotunan atamfa. Na zauna bakin gado na ɗauki wata rigar Abba ina ninkewa, na faɗa musu komai a jere kafin ƙarfin halina ya ƙare.

Umma ta ajiye zanen da ke hannunta. "Sake faɗa in ji."

"Ba zan karɓi kujerar ba, Umma. Asibiti nake so in koma."

"Ki koma ki yi me? Ki zauna kina ce wa tsofaffi su ce 'a'?"

"Abba ma haka aka yi masa."

"Kada ki sako mini ubanki a cikin wannan shirmen." Ta nuna wajen falo. "Mutumin nan ba abin da ya rage masa sai kallo. In lokacin labaranki ya yi, da hannun hagu yake jan kujerarsa zuwa gaban talabijin, ba ya bari a taimaka masa. Shekara nawa yana jiran ya gan ki a ta ƙarfe takwas? Sai yanzu da ta zo za ki ce kin fasa?"

Yaya ta tashi zaune. "Ni fa likita na so zama, kin sani. Har allura nake yi wa 'yar tsanata da tsinke. Ga ni yau ina auna yadi ina rigima da masu cewa kala ba ta yi ba. Ban samu nawa ba, na haƙura. Ke naki ya zo har hannu, ki buɗe yatsu ki sake shi? Wallahi ba ki da tausayi."

"Yaya, wadda ta so kujerar nan 'yar shekara takwas ce."

"To ina ta tafi? Mutuwa ta yi?"

Umma ta ƙura mini ido, irin kallon da take yi in tana neman inda aka ɓoye abu. "Shi ne ya sa ki, ko? Mai Zanen nan."

Bari in gabatar muku da shi. Mai zanen gidaje ne, shi ya sa muke ce masa Mai Zane, Yaya kuma kullum sai ta tambaya ko na ɗaurawa ne ko na takarda. A talabijin ya fara ganina. Shi ya zana wa Manajanmu gidansa, ta nan ya bi har ya sami lambata. Mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya, kuma tun da Abba ya kwanta bai taɓa zuwa bai shiga ya zauna da shi ba, ko da kuwa shirun za su yi tare. Wannan ne ya sa na so shi, ba zan ɓoye muku ba. An riga an yi maganar manyansa za su zo ƙarshen wata.

Na rantse wa Umma bai ma san da zancen ba. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da ninki. Wannan "uhm" ɗin ya fi zagi ciwo.

Bayan la'asar saƙonsa ya shigo: "Ina ƙofa, ranki ya daɗe. Na zo da abin nuna miki."

Na sa doguwar riga ruwan toka, na yafa baƙin gyale, ko hoda ban shafa ba. Yana ƙaramin falo cikin farin yadi mai guga kamar ba a zauna da shi a mota ba, ƙamshin turarensa ya riga ya cika ɗakin. Ya ture kofin ruwan da aka kawo masa gefe, ya warware wata doguwar takarda a kan tebur, ya danne gefunanta da wayarsa da makullin mota.

"Gidanmu," ya ce. "Ga falonki. Ga kicin, na sa miki taga babba ta gabas. Nan ɗakin yara."

Ya yi kyau, ba ƙarya. Na bi layukan da yatsa. Na tambaye shi ko shi tun yana yaro abin da ya so ke nan. Ya yi dariya ya ce matuƙin jirgin sama ya so zama, har ranar da ya hau bene mai hawa huɗu jiri ya kwashe shi. Dariyar da muka yi ce ta ba ni ƙarfi.

"An ba ni ta ƙarfe takwas," na ce. "Amma ina ganin ba zan karɓa ba. Aikin ma gaba ɗaya nake so in bari."

Na shirya wa ɓacin rai, na shirya wa lallashi. Abin da ban shirya wa ba shi ne yadda fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi!" Har da tafa hannu. "Kin san tun yaushe nake neman yadda zan faɗa miki? Hajiyarmu kullum sai ta yi mini maganar. Ta ce matar da kowane mai shago ya san fuskarta... Ni dai na ce a bar ki, za ki gane da kanki. Ga shi kuwa."

"Ba gida zan zauna ba. Horo zan shiga, irin aikin Anti Sannu. Shekara biyu."

"E, e, wannan ma za mu duba." Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "In an natsu. Babban abin dai ki sauka daga allon nan."

Za mu duba. Na dubi takardar nan, na dubi tagar kicin ta gabas, sai na ji ɗakin ya yi mini ƙunci. Umma tana zaton don shi zan bari. Shi yana zaton don shi zan bari. A duk gidan nan da wajensa babu wanda ya ji abin da na ce.

Da zai tafi ya leƙa wajen Abba, ya durƙusa ya gyara masa bargon ƙafa kamar yadda ya saba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallonsu, na rasa inda zan ajiye zuciyata.

Washegari da hantsi na fito da Abba baranda. Na sa masa farar rigarsa mai aljihu, na taje masa gemu, na jingine madubi a jikin tukunyar fulawa. Yanzu yana da kalmomi sun kai ashirin, har sunan Umma yana kamawa in ya huta sosai. Muka yi "ƙofa," muka yi "hula." Sai na kifa madubin.

"Abba, zan faɗa maka wata magana."

Na faɗa masa duka, a hankali, ina buɗe baki kamar yadda ya koya mini. Kujerar. Horon. Bencin da mutane ke komawa gida ba a gan su ba. Na ce, "Na san kai ka fara sa mini son ta. Ban daina gode maka ba. Amma ranar da ka ce 'ruwa' na ji abin da ban taɓa ji a sutudiyo ba."

Ya daɗe yana kallona. Hannunsa na hagu ya lalubo nawa ya damƙe, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Leɓensa ya fara motsi. Na yi shiru, na jira, kamar yadda Anti Sannu ta ce kada a taɓa ƙarasa wa mara lafiya magana.

"Kar..." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Kar... ki..."

Kalmomi biyu da ban taɓa koya masa ba. Ya ja iska, ya sake yunƙurawa, wuyansa yana rawa, idonsa ya kawo ruwa. Abin da ya fito shi ne, "To."

Na karya dokar. "Kar in bari, Abba? Ko kar in karɓa?"

Ya girgiza kai, amma ban san wanne yake girgiza wa ba. Na ce ya matsa hannuna sau ɗaya in na farko ne. Ya saki hannun gaba ɗaya, ya juya fuskarsa ga bango, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Ya gaji. Umma ta fito ta gan mu, ta tura kujerarsa suka shige ciki.

Ranar Litinin na yi wanka na sa atamfata shuɗiya mai ƙananan ganye, wadda nake sawa in ina son in ji ni ce ni. A mota na haddace abin da zan ce: na gode da karamci, amma na zaɓi wata hanya. Gajere, da ladabi, da bakina. Na wuce ta gaban sutudiyo, ƙofar a buɗe, kujerar tana nan a ƙarƙashin fitilun da ba a kunna ba. Ban shiga ba.

Manaja yana waya da na shiga. Ya nuna mini kujera, ya gama, ya cire tabarau ya murza ido.

"Ai da ba ki wahalar da kanki ba," ya ce. "Na ji komai."

"Ka ji me, ranka ya daɗe?"

"Angon naki ya kira ni jiya da yamma. Ya ce kun yi shawara kin ajiye aiki, kina jin nauyin faɗa mini ne. Ban ji daɗi ba, gaskiya, amma harkar iyali ba a shiga. Har na fara tunanin wadda za a gwada yau, tunda mai ritayar ba ta jin daɗi."

Wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na ciro ta a ƙarƙashin tebur. Shi ne: "Na sauƙaƙa miki, na yi magana da mutumin. Ki ɗauko kayanki kawai, zan zo in ɗauke ki." Da hoton zuciya a ƙarshe.

Na karanta sau biyu. Abin da na zo yi ke nan fa, masu karatu. Maganar da na haddace a mota ita ce wannan, an ma rage mini wahala. Amma ba haka na so ba. Abu ne nawa, tun ina cikin kwali nake ɗauke da shi. In za a ajiye, ni ke da ajiyewa.

"Ranka ya daɗe," na ce, muryata ta fito irin ta aiki, kowace kalma da ƙarshenta, "ni na ce maka na ajiye?"

Ya mayar da tabaransa ya dube ni da kyau. "To kin ajiye ko ba ki ajiye ba? Ina da labarai yau, dole wani ya zauna a wurin."

"Ka sa sunana."

Na fito baranda. Na buɗe saƙon Mai Zane na rubuta masa: "Kada ka zo. Ka kunna talabijin ƙarfe takwas, kai da Hajiya." Na tura kafin in sake tunani. Nan take alamar cewa ya karanta ta fito, ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

Kada ku tambaye ni ko so ne ya sa na karɓa ko zuciya, don wallahi ni ma ban sani ba. Mai kwalliyarmu ta leƙo daga ɗakinta tana murna, wai har labari ya iso mata, in zo a gwada mini gyalen da zai dace da fitilun dare. Na taka zan bi ta ke nan wayar ta sake ɗaukar ƙara a hannuna, wannan karon kira ne. Na ɗauka shi ne, na juyo ta da niyyar kashewa.

Anti Sannu ce.

"Sannu, sannu, 'yata," ta ce da na ɗaga. "Masu horon sun matso da ranar farawa, gobe da safe ne. Sun ce duk wanda bai tabbatar yau ba za su ba wani gurbinsa. Ga ni a ofishinsu. In ce musu kina zuwa?"